Kifin sunan ɗiyata

Jama'a, yau na kama kifi da hannu, ba taru ba ƙugiya!

Kwana uku ke nan hayaƙin gobarar daji ya tare mana rana. Da safe na je tabki neman kifin miya, gobe sunan ɗiyata. Toka ta rufe ruwan! Karfasa duk sun taso sama, baki buɗe. Na cika kwando, masu motsi da marasa motsi.

Sai ga Baba Illa, tsohon masunci.

Na ce, "Baba, guba ce?"

Ya ce, "Ba guba ba ce. Toka ta zuba, rana ba ta shiga, iskar ruwan ta ƙare. Mai motsi ka ci. Wanda ya mutu tun jiya, kada ka ba mutane."

Na duba kwando. Duk sun daina motsi! Wanne ne na jiya?

A gida na yi ta shinshina su ɗaya-ɗaya. Matata Rabi ta ce, "Malam, baƙi za ka ciyar ko gidan likita za ka cika?"

Na haƙa rami na binne su duka. Gobe shinkafa da wake ne, ku zo da haƙuri.