Bangon Gawayina da Hannun Malam Sannu

Da faɗa muka fara sanin juna ni da Malam Sannu, kuma har gobe ina nan a kan ni ke da gaskiya.

Gawayi nake sayarwa a ƙofar gida tun mijina na da rai. Bangon da nake jingina buhuna a jikinsa siminti ne mai santsi, ƙurar gawayi ta shige shi shekara da shekaru har ya yi baƙi ƙirin. Wata la'asar na fito daga wanki sai na tarar an janye min buhuna gefe, yara sun zauna a ƙasa sun tasa bangona a gaba. Wani siririn mutum mai gilashi, sabon ɗan hayan gidan da ke jikin namu, yana ta zana fararen abubuwa da alli kamar gidan ubansa. Ban tsaya tambaya ba. Na koma na ɗauko bokitin ruwan wankin na sheƙa wa bangon, rabi ya samu wandonsa. Na zage shi tas, na haɗa da gilashinsa da wanda ya ba shi haya.

Ya tsaya yana kallon ruwan na gangarowa har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Inna, wallahi allon makarantarmu bai kai bangon nan naki kama alli ba."

Ka ji mutum. Ka zage shi ya yabi bangonka.

Washegari ya dawo da sallama, ya durƙusa, ya roƙi aron bangon bayan an tashi makaranta. Ya ce shi zai riƙa janye buhunan, shi zai mayar. Na so in ƙi. Amma jikata da nake riƙo tana cikin yaran, kuma ta shekara biyu tana zuwa makaranta ba ta dawo min da komai ba sai waƙar fareti da kwarkwata. Na ce masa ya yi, amma ranar da gawayina ya jiƙe ya nemi wani bangon.

Aji ɗaya yake koyarwa a firamaren bayan layinmu, kuma bai taɓa neman a ɗaga shi ba. Yara ne suka raɗa masa Malam Sannu saboda yadda yake rubutu. Harafi ɗaya sai ya yi shi kamar tafin hannuna, a hankali, kamar mai yi wa amarya ɗinki, kuma yana yi yana faɗa: a ja sanda, a yi mata ciki, a rufe. Yara na bin bakinsa, hannunsu na bin hannunsa. Ba ya goge harafi sai yaron da ya fi kowa nauyin kai ya yi nasa. In yaro ya kasa, sai ya durƙusa a bayansa ya kama hannun su ja tare, har gwiwar wandunansa duk suka koɗe. Matarsa, wadda muke kira Mai Keke don ɗinki take yi, ta ce ta gaji da yi wa gwiwa faci, da ma aure ta yi da mai tsayuwa.

Ni ban san baƙi ba, kuma ban nema ba. Ya sha cewa in zauna a bayan yara, na ce masa na haifi shida na aurar da su ba tare da sanda mai ciki ba. Amma ina da ido. Kafin damina ta wuce jikata ta fara karanta min rubutun jikin buhu da na kwalbar maganin tari. Yau ma'aikaciyar jinya ce. Rabin masu shago a layin nan a jikin bangona suka koyi rubuta sunansu, har da ja'irin mai gyaran rediyo da ba ya gaishe ni.

Haka muka yi ta tafiya har gemunsa ya yi fari. Sai gwamnatin jiha ta yi doka. Abu biyu ne a cikinta, yadda hedimasta ya bayyana wa iyaye. Na farko, kowace makaranta sai ta tabbatar yaro ya iya karatu kafin ya bar aji uku, kuma za a riƙa zuwa dubawa. Na biyu, duk wanda zai tsaya gaban yara sai yana da takardar shaidar koyarwa. Wanda ba shi da ita an ba shi dama biyu ya zauna jarrabawa, in ya faɗi duka ya ajiye alli.

Malam ba shi da ita. Ya gama sakandare aka ɗauke shi a lokacin da malamai suka yi ƙaranci, daga nan aure da 'ya'ya suka hana shi komawa karatu.

Mutanen layi suka yi ta tsine wa dokar. Ni ban bi su ba. Na san malamin da ke sayar da takalma a cikin aji, na san wadda ke sa yara tsintar mata shinkafa har a buga ƙararrawa. In doka za ta share irinsu, ta yi kyau. Shi ma Malam haka ya ce, wai wanda ke jarraba yara bai kamata ya guji a jarraba shi ba. Ya sayi littattafai, ya yi karatu har ya rame, ga shi da ma jikin ba auki. Mai Keke ta ce duk tambayar da aka yi masa daga littafi sai ya amsa har da ƙari.

Ranar jarrabawa ya tafi da fara'a, ya dawo kamar an yi masa mutuwa. Da ƙyar ya gaya mana abin da ya faru. Tambayoyin duk ya san su. Amma da ya ɗauki biro sai hannun ya yi abin da ya saba, manyan haruffa, kowanne da kwalliyarsa. Layi uku sun cinye shafi. Kuma ashe yana yi bakinsa na motsi, a ja sanda, a yi mata ciki, har mai tsaron jarrabawa ta zo ta tsaya a kansa tana zaton satar amsa yake da na kusa da shi. Yana cikin tambaya ta biyu aka ce a ajiye biro.

Ya faɗi, mana. Wa zai ba farar takarda maki? Ba su cuce shi ba.

Saura dama ɗaya. Hedimasta, mutumin kirki ne amma matsoraci, ya kira shi ya ce in abin bai yiwu ba akwai aikin kula da ɗakin ajiyar littattafai, ba a neman takarda a can. Malam ya zo ya zauna a kan buhuna yana gaya min, har yana cewa wataƙila hakan ya fi. Na ce masa ya tashi min daga kan buhu, ba na sayar wa mai ƙirga littafi gawayi.

Ya gwada koyon sauri a gida. Mai Keke ta riƙa karanta masa littafi yana rubutawa, amma tausayi ya ɓata aikin. Da ta ga ya yi baya sai ta dakata, ta yi kamar tari ya sarƙe ta. Ita ce ta zo ta same ni, ta ce a duk layin nan ba wanda ya kai ni saurin baki da rashin tausayi, kuma tunda ban iya karatu ba, ba zan ma san inda ya tsaya ba balle in jira shi. Na rasa ko yabo ne ko zagi. Na ce ya zo.

Daga nan kullum in yara suka watse daga bangon, sai ya ɗora littafin rubutu a kan gwiwa, ni kuma in buɗe baki. Me zan faɗa in ba abin da na sani ba? Na ba shi tarihin mijina tun daga ranar da ya sayar da akuyata ya ce ɓata ta yi. Na ba shi labarin kowane gida a layin, wa ya auri wa, wa ya yi yaji, wa ke sa dutse a ƙasan mudu. Ina awon gawayi ina magana, ina ba da canji ina magana. Ya yi ta gumi, yana cewa Inna a dakata kaɗan. In ce a ɗakin jarrabawa ma haka za ka ce musu? In na ga leɓensa ya fara motsi sai in buga gwangwanin awo a ƙasa, ya zabura ya kama bakinsa.

Wata rana na sa shi ya karanta min abin da ya rubuta. Sai na ji inda na ce surukar mai wankin layinmu muguwa ce mai baƙin ciki, shi ya rubuta wai tana da ɗan zafin rai.

Na ce, "Malam, sauri aka aiko ka koya ko sulhu? Rubuta muguwa."

Ya ce, "Inna, ai ɗanta ɗalibina ne."

Na ce to ya rubuta muguwa da ƙananan haruffa. Ya yi dariya har gilashinsa ya faɗo. Ina jin tun faɗuwarsa jarrabawa sai ranar ya fara dariya.

A hankali rubutun ya ƙanƙance, ya karkace, ya zama kamar sawun kaza a cikin toka. Mai Keke ta duba ta ce ya yi muni ƙwarai. Na ce alhamdu lillahi, an kusa.

Ya koma ya zauna jarrabawar karo na biyu. Ya amsa duka, har ya samu sararin dubawa. Da sakamako ya fito ba shi ne na ɗaya ba, ba ma kusa, amma ya haye. Ya kawo min takardar a cikin leda, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar jinjiri. Na hana shi miƙo min, don hannuna duk gawayi ne.

Sai kuma wata ta ɓullo. Ɗiyar jikata tana ajinsa a shekarar. Uwarta ta duba littafinta ta ce rubutun yarinyar ya zama tarkace. Na saka ido a bangona da la'asar, sai na ga Malam na zuba rubutu firr, ƙanana, bakinsa a rufe, yara sun saki baki suna kallo. Hannun da na horar ya bi shi har gaban yara bai sani ba. Na buga gwangwani, ya juyo. Na tambaye shi wa ke korarsa. Na ce takarda dai ya samu, ya bar wa gwamnati saurin, yaran nan malaminsu suke so. Ya dubi bangon, ya sa hannun riga ya goge. Ya ɗaga alli ya ce a ja sanda, yara suka amsa gaba ɗaya.

Ya ci gaba da aji ɗaya har shekarun ritaya suka cim masa. Masu dubawa sun zo sun tafi, makarantar ta cika abin da doka ta nema a wasu shekarun, a wasu ta gaza, don ba shi kaɗai ne malami a ciki ba. Shi dai nasa yaran suna barin hannunsa da baƙi a kansu.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, babban ɗansa ya zo ya ce su koma wurinsa. Ranar tafiya an gama loda kaya a mota, keken ɗinki a sama an ɗaure da igiya, sai ga Malam ya fito da gwangwanin fenti da buroshi. Wai ya ɓata min bango shekaru, allin ya ci simintin har in an wanke ma haruffan na nan fari-fari, ba zai tafi ya bar ni da shi haka ba. Har ya fara janye buhu yana nishi.

Ban sake ganinsa ba daga ranar, bara aka aiko mana ya rasu. Abin da na gaya masa a ƙofar nan, ina riƙe da gwangwanin awo, shi ne na ƙarshe tsakaninmu.

Na ce, "Malam, na rantse in fentin nan ya taɓa min bango sai na sheƙa maka ruwa kamar na farko. Mayar min da buhuna inda ka same shi, ka je mota na jiranka. Kuma ka taka a hankali, ba jarrabawa za ka ba."