Gwaggon Ɗakin Wanki

Gwaggona ta yi shekaru da dama tana wanki a asibiti. Ɗakin wankin yana can baya kusa da janareta, kullum cike da tururi da ƙamshin sabulu. Zannuwan gado, rigunan tiyata, fararen rigunan likitoci, duk ta hannunta suke bi. Akwai ta da barkwanci. In ta ga tabon biro a rigar likita sai ta bi shi har ofis, ta tambaye shi ko a aljihu yake rubuta magani. Yayar mahaifina ce, amma duk asibitin Gwaggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Tun da aka yi mata tiyata a ciki take ɗaura wata faffaɗar ɗamara a ƙarƙashin riga. Wata rana tana dawowa daga gidan 'yarta, 'yan sanda suka tare motarsu, wai suna neman ƙwaya. Ɗaya ya hango tudu a cikinta, ya ce ta kwance ɗamarar. Ta ce ba a bakin titi ba, kuma ba a gaban maza ba. Suka ce taurin kai take musu. A ofishinsu wata 'yar sanda ta tuɓe ta, ba ta ga komai ba sai tabon ɗinki. Ogansu ya ce ai irinsu a cikin jiki suke ɓoyewa, a kai ta likita ya duba.

Asibitin da ya fi kusa shi ne nata. Ta ƙofar gaba aka shigo da ita, da ankwa a hannu, maigadi da masu shara suna kallo. Babbar nas ta ce ba za ta taɓa ta ba, tunda matar ba ta yarda ba, kuma kotu ba ta ba da izini ba. Ta cire safar hannu ta fita. Aka bar wani matashin likita, wanda Gwaggo take kira ɗana. Ogan ya ce masa duk mai kare 'yan ƙwaya shi ma ɗan ƙwaya ne, kuma akwai wuri a motarsu.

"Ɗana, ban yarda ba," in ji Gwaggo.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, yanzu za a gama."

'Yar sandan ta danne mata kafaɗu. Labulen ma bai gama rufuwa ba. Likitan ya duba inda aka ce ya duba, bai samu komai ba. Aka cire mata ankwa, ogan ya ce ta gode wa Allah, ta tafi gida.

Washegari ta je aiki, don ba ta saba fashi ba. Babu wanda ya yi mata dariya. Kowa lallaɓa ta yake yi, ana gaishe ta ana sunkuyar da kai, ta ce mana wannan ya fi komai ci mata rai. Likitan ya zo har ƙofar ɗakin wanki, ya tsaya cikin tururi yana cewa tsoro ne ya kama shi, yana da iyali. Ta ce ta ji, ta ci gaba da ninke zani. Mahaifina ya kai ƙara, aka ce ana bincike. Har yau ana bincike.

Ba ta rufa wata ba ta ajiye aikin, ta dawo gidanmu. Yanzu ba ta cika magana ba, in an yi baƙi sai ta shige ɗaki. Wurin tiyatar ya soma kumbura, muna ganin yadda take cije leɓe in za ta tashi. Na ce zan kai ta wani asibitin, can nesa, wurin likita mace, kuma ba zan bar gefenta ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ta ce. "Ki bari sai wani satin."