Furar da Ta Ɗage Min Tiyata

Salama gare ku, 'yan uwa da abokai. Kun ji ni shiru tun bayan girbi. Wasu sun ɗauka siyasa na shiga, wasu sun ce wayata ce ta lalace. Ba ko ɗaya. Ƙaba ce ta kwantar da ni.

Abin ya fara ne ranar da na ɗaga buhun dawa a gonarmu ta Getso, don in nuna wa 'yan ƙwadago cewa malamin makaranta ma namiji ne. Da yamma sai ga kumburi a marata kamar ƙwan kaza. In na danna ya koma, in na yi tari ya dawo.

Wurin ba na nunawa ba ne, sai na ja bakina. Na shiga bincike a waya, na naɗa kaina likita.

Wata Lahadi a coci na miƙe zan yi karatu, ciwo ya naɗe ni a gaban jama'a. Matata, Maman Rahila, ba ta nemi shawarata ba. Ta sa aka kai ni wani asibiti a nan Gwarzo.

Gwajin jini, hoton ciki, ƙarin ruwa. Waken da muka ajiye wa bazara shi ya tafi a kan magani.

Likita ya ce, "Malam Ayuba, hanjinka ne ya leƙo, ya fara maƙalewa. In ya shaƙe zai ruɓe. Gobe da safe za mu yi aiki. Kada ka sa komai a baki, ko ruwa."

Da safe Maman Rahila ta fita sayo allura. Sai ga Baba Alhaji Sale, aminin marigayi mahaifina, tun daga Dugabau a bayan babur, rungume da ƙwaryar fura.

"Ayuba ɗana, yaya jikin? Innarka ce ta dama maka da hannunta, kindirmon shanunmu ne. Sha in gani."

Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya danƙa min ludayi. Ku gaya min, wa zai dubi idon dattijon da ya goya shi ya ce a'a? Na ce ludayi ɗaya zan yi. Furar kuwa ta yi daɗi.

Likita ya shigo da Maman Rahila a bayansa. "Ba ka sa komai a ciki ba ko?"

Ina neman amsa ta ce, "Likita, dubi gemunsa."

Bai yi dariya ba. "In muka sa ka barci da cikin nan, za ka iya yin amai ya koma huhunka. Sai la'asar. Ka roƙi Allah hanjin ya jira mu."

Baba Alhaji ya riƙe baki. "Kai yaron nan! Da ka faɗa ai ni zan shanye abata."

Bayan azahar ciwon ya tashi da gaske. Kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa. Na ji tsoro, tsoron mutuwa sosai. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya zo dubiya.

Na ce, "Maman Rahila, yi min addu'a."

Ta durƙusa ta kama hannuna. "Ya Uba, ga bawanka. Ka tsare shi a hannun likitoci, ka dawo min da shi. In kuma yau za ka kira shi gida, ka karɓe shi saboda Yesu, ka ba shi wuri a gabanka."

Na buɗe ido ɗaya. "Wannan ƙarshen fa? Wa ya aike ki?"

"Rufe idonka," in ji ta. "Nan da can duk hannu ɗaya ne ke riƙe da kai."

Na rufe. Ciwon bai ragu ba, amma ƙirjina ya saki. Ashe ni tsaro kawai nake roƙo, kamar Allah iyakarsa ƙofar ɗakin tiyata. Na ce amin, har da rabin da ban so ba.

Da aka turo ni a gado za a kai ni ɗakin tiyata, matan zumuntar cocinmu na gefe ɗaya suna waƙa ƙasa-ƙasa, Baba Alhaji na ɗaya gefen da carbinsa.

Na farka likita na cewa, "Hanjin bai mutu ba, amma saura kaɗan."

Yanzu ina gida, ina takawa a hankali. Na gode wa Allah. Na gode wa likita da nas-nas, da 'yan cocinmu, da abokan aikina na Kabo, da Baba Alhaji wanda bai koma Dugabau ba sai da ya ga na zauna.

Maza 'yan uwana, in kun ga kumburi a mara ku je asibiti, likita ya ga wanda ya fi naku. In an hana ku ci, ku sa wani a bakin ƙofa ya riƙa faɗa wa masu dubiya, don ku ba za ku iya ba.

In za ku yi addu'a kuma, ku roƙi tsaro, ku roƙi gida na har abada. Na ce wa Maman Rahila ranar da tafiyar gaske ta zo ta maimaita min addu'ar nan tata, kada ta rage komai.

Ta ce to, amma in fara gyara mata akurkin kaji tukuna.