Tatsuniyar da Iya ba ta ƙarasawa

Duk wanda ya ce maka tatsuniyar kaka daɗi gare ta, ka tambaye shi ko an taɓa kulle shi da kaka a bene hawa na shida, wata da watanni, tana ba shi tatsuniya guda ɗaya tal. Ni an yi min, kuma har yau idan na ji ƙamshin turaren wuta sai hamma ta kama ni.

Iya, mahaifiyar Abbanmu, ta zo Doha daga Haɗeja ne don a duba mata gwiwa. Wata ɗaya aka ce za ta yi. Ba ta ma gama yarda da lifta ba annobar korona ta sauka, aka rufe filin jirgi, makarantarmu ta koma cikin kwamfuta, Abba ya kwaso ofishinsa ya jibge a teburin cin abinci. Gidanmu na unguwar Bin Mahmud, wanda da ma idan mutum ya yi atishawa a falo sai na kicin ya ce masa yarhamukallah, ya ƙara tsukewa. Na haddace kowane tayil na ƙasa. Akwai wanda na raɗa wa suna.

Iya ta ce ba a tatsuniya babu wuta. Ranar farko ta hura gawayi cike da kasko a tsakar falo, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kururuwa, mai gadi ya hayo a guje da takunkumi biyu a fuska, maƙwabta suka leƙo kamar an ce ana rabon kuɗi. Daga ranar aka yi sulhu: gawayi ɗaya, a baranda, bayan sallar isha. To wannan ce wutar da muka zauna a gefenta, ni da ƙanena Sadiƙ. Gawayi ɗaya, a ƙasar da zafinta kan soya ƙwai a kan mota.

“Ga ta nan, ga ta nanku.”

“Ta zo mu ji ta,” in ji Sadiƙ. Ni kuwa a ƙasan maƙoshi nake cewa, “Ta zo jiya ma.”

“Na ji ki, Uwar Surutu. Kunnena ba gwiwa ba ne.”

Ga tatsuniyar. Wai wata mata ce take da ɗa mai jin maganar shanu. Idan saniya ta yi kuka, shi ya san inda ke mata ciwo. Wata shekara ciwo ya shiga garke, shanu suna ta faɗuwa, sai ga wani ƙaton tsuntsu ya sauka a bayan gari ya ce akwai wata ƙasa a ƙetaren ruwa inda aka san maganin kowace dabba, wa zai je ya koyo? Yaron ya ce shi ne. Ranar tafiya duk gari aka fito rakiya, ban da uwar. Tana zaune tana tankaɗe. Ya zo ya durƙusa ya ce zai tafi, ba ta ɗaga kai ba, ta ce, “A kauce min daga haske.” Amma tun da asuba ta riga ta cusa masa ƙullin daddawa da kuka a ƙasan jaka. Tsuntsu ya ɗauke shi, suka yi sama, suka yi sama, har ya zama kamar ƙuda.

Daga nan sai Iya ta tona gawayin da tsinke ta ce, “Sauran sai gobe.”

Gobe kuma ta faro daga farko. Wata rana ta ƙara wa shanun yawa, wata rana ta sauya launin tsuntsun, amma da zarar yaro ya zama kamar ƙuda, shi ke nan, kalas. Na roƙe ta. Na ba ta cin hancin dabino. Na kawo mata ƙarshe iri-iri kyauta: ya auri 'yar sarkin aljanu, ya buɗe shagon shawarma, tsuntsun ya yi fakin a unguwar masu kuɗi ta West Bay. Sai ta dube ni da gajiyayyun idanun nan nata ta ce, “Ba haka aka yi ba.”

“To yaya aka yi?”

“Barci nake ji.”

Ban san yaron na gaske ba ne sai wata rana da na tsinci Abba a teburinsa, ya cire gilashi yana kallon waya kamar an aiko masa da sammaci. Abba yana da wa, Abubakar, ɗan farin Iya, wanda ya tafi Amurka karatun likitan dabbobi tun Abba yana firamare. Wasiƙu suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Bayan shekaru wani ya ce ya ji wani ya ce ya rasu. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya gani. Sunansa Sadiƙ ya ci, shi ya sa tunda aka haife shi Iya ba ta taɓa kiransa da komai ba sai “Angona”. Kunyar ɗan fari ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayarsa, idan aka ɗauko zancensa sai ta tashi ta ce za ta yi alwala.

Saƙon daga wata mata ne mai suna Rakiya, ta ce ita 'yarsa ce. Ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ma ta bi shi, dangin uwa suka ɗauke ta zuwa birni. Da kulle ya zaunar da kowa, sai ta koma bin sawunsa a wata ƙaramar hukuma ta karkara inda ya yi aiki. Ofisoshi a rufe, don haka ta waya ta yi ta fama da wata tsohuwa mai kula da ɗakin tarihin yankin, wadda ke shiga ita kaɗai tana buɗe mata tsofaffin jaridu da rajistar aure da ta mutuwa. A bayan wani hoto suka ga an rubuta Haɗeja. Ta sa hoton a intanet, ya yi ta yawo har ya faɗo hannun wani abokin Abba.

Abba ya yi kuka. Ya kai wa Iya wayar. Ta kalli bango ta ce, “Takarda ba ta haihuwa.” Ta tashi yin alwala. A daren nan ma tsuntsu ya ɗauki yaro, ya zama kamar ƙuda, sauran sai gobe.

Haka muka yi shekara biyu. Abba yana magana da Rakiya kowane mako, Iya tana wucewa ta bayansa kamar ba ta ji. Gwiwa ta ƙi warkewa, komawa gida ta yi ta ɗagawa. Da gasar kofin duniya ta zo, aka buɗe ƙofa ga 'yan kallo, Rakiya ta sayi tikitin wasan da ba ta ma san su waye ke bugawa ba, ta hawo jirgi. Abba ya rasa barci. Mace ta ƙetaro rabin duniya, idan Iya ta tashi yin alwala fa?

Ni aka naɗa tafinta. Rakiya doguwa ce, ta girme ni nesa, ga jaka cike da takardu kamar za ta kare digiri. Ta durƙusa yadda Abba ya koya mata, har gwiwarta ta yi ƙara.

“Sannu,” in ji Iya, idonta a kan carbi.

Na juya na ce da Turanci, Iya na yi miki maraba da farin ciki marar misali, ta ce zuwanki ya haskaka gidan nan, ta ce tun jiya take ƙirga mintoci.

“Ke,” in ji Iya. “Kalma ɗaya na faɗa.”

Rakiya ba ta jin Hausa, amma ba makauniya ba ce. Kwana uku Iya ba ta dube ta ba. Gari kuwa ya haukace, ko'ina tutoci da ganguna, jirgin ƙasa cike da mutane masu fentin fuska, mu kuma gidanmu shiru kamar ana zaman makoki. Rana ta uku na sami Rakiya a baranda tana duba jiragen komawa. Ta tambaye ni, “Ta tsane shi ne? Ko sau ɗaya ba ta faɗi sunansa ba.”

Washegari wani abokin Abba ya gayyace mu gonar da yake kula da ita a Umm Salal. Sanyi ya fara shigowa. Bayan magariba aka hura wuta, ta gaske, da itace, irin wadda da a gidanmu ne da motar kashe gobara goma ta zo. Maza suka koma gefe suna kallon ƙwallo a waya. Iya ta miƙe ƙafa, ta daɗe tana kallon wutar.

“Ga ta nan, ga ta nanku.”

Na ce a raina, yau ma? Amma na fassara. Shanu, ciwo, tsuntsu. Da na zo wurin yaro mai jin maganar shanu sai na ga Rakiya ta ajiye kofinta. Da na zo wurin “a kauce min daga haske”, muryar Iya ta yi ƙasa har sai da na matsa. Tsuntsu ya yi sama. Yaro ya zama kamar ƙuda. Na riga na shirya fassarar “sauran sai gobe”.

Iya ta juya, karo na farko, ta dubi Rakiya ido cikin ido.

“Gaya mata nan na tsaya. Ita ta ƙarasa.”

Rakiya ba ta taɓa jakar takardun ba. Ta ce yaron ya sauka a wata ƙasa mai duwatsu da ƙanƙara. Ya koyi maganin. Manoma suna buga masa ƙofa cikin sanyi, yana tashi ya bi su, har wata tsohuwar jarida ta buga hotonsa rungume da ɗan maraƙi. Kullum yana cewa baɗi zai koma gida, idan ya tara abin da zai shiga gari da shi ba kunya. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa. Akwai wani ƙullin tsumma a aljihun tebur ɗinsa mai wani irin wari, wanda ba ya bari kowa ya jefar.

A rayuwata ban taɓa fassara magana ba tare da na sa mata gishiri ba sai a daren nan.

Iya ta ce, “Yaron nan na tatsuniya. Da ya kwanta, akwai mutane a kansa?”

Akwai. Rakiya ta ce wannan bai shiga kowace rajista ba, matar wani tsohon manomi ce ta ba ta labari da ta je da kanta bayan an buɗe gari. Mijin ne ya hana a taɓa gawar, ya tuƙa mota zuwa wani birni mai nisa ya ɗauko liman da mutum biyu. Manoman suka tsaya a baya, huluna a hannu.

“An yi masa sallah?”

“An yi.”

“Ina ya fuskanta?”

“Alƙibla. Duk maƙabartar, nasa ne kaɗai a karkace. Na je na gani.”

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Can gefe wani ya ci ƙwallo, maza suka ɗan yi hayaniya suka yi shiru.

Sai Rakiya ta ce tana da tambaya ɗaya. Shekara da shekaru tana neman sunan kakarta. Ta tambayi mahaifinta tana yarinya, ya yi dariya ya ƙi faɗa. Ta tambayi Abba, ya sauya zance. Na juya zan tambayi Iya, sai na tuna ni kaina ban sani ba. Na ɗauka har a fasfo Iya aka rubuta.

Iya ta sauke mayafin. “Shi me yake kiranta a gida?”

“Mama,” in ji Rakiya. “Kullum Mama. Na ɗauka wasa ne. Abbanku ma haka yake ce min.”

Iya ta yi wata dariya da ban taɓa ji ba, ta gajiya, mai haɗe da tari. “Ja'ira. Kin sace min suna kin ƙetare teku da shi, sannan kina damun tsohuwar mutane da buɗe jaridu. Wane ɗa ne zai kira sunan uwarsa? Gaya mata ta matso in ga wannan dogon wuya, ba a gidanmu ta samo shi ba. Kuma durƙuson nan nata, raƙumi ya fi ta iyawa.”

Na fassara duka, har raƙumin. Na ƙara da bayanin cewa a wurinmu idan kaka ta fara zaginki, to kin shiga. Wannan kaɗai ne nawa. Rakiya tana kuka tana dariya, Iya ta riƙe mata wuyan hannu kamar za ta gudu.

“Ƙurunƙus,” in ji Iya. “A kashe wutar nan, na gaji.”

Ba ta sake ba mu tatsuniyar ba. Ta koma Haɗeja bayan gasar, bara Allah ya yi mata rasuwa. Na daɗe ina ba ƙawayena labarin a matsayin abin dariya, yadda na ji tatsuniya ɗaya sau dubu tara. Yanzu idan na tuna, lissafin ne ke ba ni kunya. Ni shekara biyu da 'yan watanni kawai na yi ina jiran ƙarshenta har na ce zan mutu. Ita tun kafin a haifi Rakiya take zaune a wurin tankaɗen nan, kanta a sunkuye, ba ta da ikon tambaya sai ta bakin tsuntsu.

Wani lokaci Sadiƙ kan ce in ba shi. Ina ba shi, da ƙarshenta da komai, shanun ma na mayar da su miliyan. Rannan ya ce, “Wai Yaya, yaron ba shi da suna ne?” Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji ya yi min nauyi. Na ce masa ya kauce min daga haske.