Akori-kurar Baba Direba

Baba Direba katako yake ɗauko wa kafintoci a tsohuwar akori-kurarsa, amma ba da wannan unguwa ta san shi ba. Duk gidan da aka yi rasuwa, ƙofarsa ake fara bugawa, don maƙabarta na da nisa, can bayan gari. Sai ya sauke katakon ko na waye, ya share bayan motar, ya shimfiɗa tabarma. Bai taɓa cewa ya gaji ba. In ya dawo, matarsa ce ke wanke tabarmar ta shanya a kan katanga, tana yi masa tsiya wai motar ta fi shi tsufa amma ta fi shi jin magana.

Wata damina motar ta fara wani hali. Da safe in ya murza makulli sai ta tashi tana karkarwa, sitiyari na rawa a hannunsa, farin hayaƙi na fita ta salansa. Da ta ɗumama sai ta lafa kamar ba ita ba. Ya kai ta garejin ƙanen matarsa, wanda bakanike ne.

“Yaya, ai ka kawo ta da zafinta,” in ji bakaniken. “Yanzu lafiyarta ƙalau, har ta fi ka. Bar ta ta kwana a nan, in ji ta da sanyin safiya.”

Washegari suka tayar da ita tare. Bakaniken ya bi tiyoyi da yatsa ko iska na shiga, bai samu komai ba. Ya kwance fulogai ya jera su a kan bonet. Duk sun yi baƙi, ban da guda ɗaya da ya fito fes kamar an wanke shi. Ya buɗe lagireto, ya ga ruwa ya ja baya.

“Gasket ɗin da ke tare ruwa a ƙarƙashin kan injin ne ya ci,” ya ce. “Ruwa ne ke tsiyaya cikin injin in ta kwana. Dole a sauke kan injin, a kai a goge shi.”

“In aka yi rasuwa fa?”

“Haba Yaya, ka yi wa unguwa fatan alheri mana. ’Yan kwanaki ne.”

Suka yi dariya, Baba Direba ya bar makulli ya tako gida.

Kan injin na wajen masu gugar ƙarfe lokacin da matar Baba Direba ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Kafin a samo abin hawa zuwa asibiti rai ya yi halinsa. Maƙwabta suka taru, wani da bai sani ba ya ce a kira Baba Direba ya kawo mota, sai aka raɗa masa cewa matarsa ce, motar kuma tana gareji. Bakaniken ya iso da baƙin mai a hannuwansa, ya durƙusa a zaure yana kuka.

“Yaya, da na sani da ban taɓa ta ba. Ai da ta kai Yayata.”

“Aikinka ka yi,” in ji Baba Direba. “Tashi ka wanke hannunka.”

A motar wani mai sayar da siminti aka ɗauki gawar. An share bayan, amma ƙura ta maƙale a kusurwoyi, direban kuma bai san ramukan hanyar ba. Baba Direba ya zauna a baya ya riƙe makarar da hannu biyu, duk ramin da aka faɗa sai ya ce, “A hankali, ɗana,” ko da yake direban ba ya jin sa.

Bayan an share makoki bakaniken ya kawo motar da kansa, tana tashi lafiya lau. Baba Direba ya yi masa godiya. Ya ci gaba da kai katako, ya ci gaba da amsa bugun ƙofa har ƙafafunsa suka daina iya taka kuloc. Daga nan ya ba ƙanen matar tasa motar, ya koma zama a kan benci a bakin garejin, yana gaisawa da masu wucewa.