Tsohon Umarnin da Yaya Ishaku Ya Hana a Goge

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Ishaku. Mutanen Kontagora sun san shi da gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, amma abin da ya fi ji da shi wata ƙaramar manhaja ce da ya rubuta, mai farautar kuskure a cikin wasu manhajoji. Takan tsayar da aiki a layin da ka zaɓa, ta nuna maka inda abin ya karkace. Ya sake ta kyauta, masu rubuta manhaja suka ɗora ayyukansu a kan umarnoninta.

A nan muka fi saɓawa. Akwai wani umarni da ya raɗa wa suna a gaggauce, har da tuntuɓen harafi. Na sha ce masa, "Yaya, mu gyara sunan nan mana." Amsarsa ɗaya ce: "Ƙara sabo a gefe, tsohon ya riƙa miƙa mutum gare shi. Ba ka san wanda ya jingina da shi ba."

Bayan rasuwarsa riƙon manhajar ya dawo hannuna. Bara muka sake mata gini, abokiyar aikina Halima ta dage a share tsoffin umarnonin, wai sabo turken wawa ne. Hujjarta da ƙarfi, don ɗauko su zuwa sabon ginin yana cin lokaci. Na kusa yarda, amma na fara fitar da sanarwa tukuna.

Amsa ta zo daga Malama Rifkatu, ma'aikaciyar wani ƙaramin asibiti a Sahon Rami. Wanda ya rubuta musu manhajar bayanan masu awon ciki ya koma wani gari. Idan manhajar ta cije, wani maɓalli da ya bar mata take dannawa, ta tura masa sakamakon, ya gyara daga can. Maɓallin kuwa tsohon umarnin nan yake kira. Da mun goge shi, garin neman gira da mun rasa ido.

Da Yaya yana raye ya ga na'ura na rubuta manhaja da kanta, na tabbata zai yi murna, sannan ya tambaya ko aikin jiya yana tafiya yau.

Shagon Yaya ya zama na wani, kwamfutocinsa sun tsufa. Amma yanzu ba ma fitar da sabon zubi sai an gwada kowane tsohon umarni ɗaya bayan ɗaya. Halima ce ta rubuta gwajin da hannunta, ita da ba ta taɓa ganin Yaya ba. Allah Ya jiƙansa.