Anti Sanatu da Haƙorin Makkar Yayata

Shekara ashirin da bakwai, kullum kafin masu koko su sauke tukunya, Anti Sanatu takan sauka daga motar haya ta trotro a unguwar Maamobi ta Accra, ta buɗe ɗakin haƙori na asibitin unguwa, ta dafa kayan aikinta. Kowa ya zauna, sai ta miƙa masa wata 'yar shuɗiyar takarda ta ce, "Ciza." A watan nan take ritaya. Ni mai jinjina mata yau, wallahi ni na fi kowa zarginta.

Yayata Hajiya Mardiya ta dawo daga Hajji da haƙorin Makka, zinariya sai walƙiya. Ba a yi wata uku ba ciwon kai ya kama ta, muƙamuƙi na ƙara, nama ya gagare ta. A Kasuwar Malam Atta muka yanke hukunci: hassada ce, an yi mata hannu. Har maƙwabciyarta na daina gaisarwa.

Da muka je asibitin, Anti Sanatu ta sa Yaya ta ciji takardar, ta duba inda ta bar shuɗi, ta ce, "Hajiya, zinariyar nan ta yi kauri. Ita ke fara dukan na ƙasa, shi ya sa kike karkata baki, turamen haƙoranki na ta gugar juna. A cire a gyara, kafin ɗaya ya tsage."

Na ce, "Oho! Zinariyar ce ta tsone miki ido?" Na ja Yaya muka fice. Wata huɗu ina hana ta komawa, har turmin haƙorinta ɗaya ya tsage tana cin tuwon zafi. Tuwo fa!

Muka koma, kaina a ƙasa amma idona a hannun Anti. Ta cire zinariyar, ta kamo tafina ta ɗora. "Riƙe, ƙanwata, hankalinki ya kwanta." Aka gyara a gabana, aka mayar.

Ke ce, Anti, kika sha baƙar magana ba ki rama a bakin mara lafiya ba. Mai haƙuri da mu masu taurin kai, Allah Ya saka miki. Ma'aikatanmu matasa, ku koyi halinta. Mutanen Maamobi da maƙwabtanmu na Nima, in haƙoranku ba sa haɗuwa daidai, ku je a duba tun da wuri.

Yaya na cin nama yanzu, amma da gefe guda. Turmin bai tsira ba, kuma ni na jawo. Anti, ki yafe min.